Fatawa: Ɗibar kuɗi a ɓoye daga shagon gado da yaya ya riƙe

Tambaya: Malam, a wani wasan kwaikwayo mai dogon zango na ga ƙane yana zarar kuɗi a ɓoye daga shagon mahaifinsu, saboda wansa ya ƙi raba gado, kuma wasan ya nuna shi ne mai gaskiya. Halin da nake ciki ke nan da yayana. Ya halatta in yi haka?

Amsa: Bai halatta ba, Allah ya yi maka albarka. Mai shirya wasa rikici yake nema don a ci gaba da kallo, ba a ɗaukar hukunci a wurinsa.

Malamai suna kiran wannan mas'alatuz zafar, wato mutum ya samu damar karɓe haƙƙinsa da hannunsa. Masu halattawa sun kafa hujja da izinin da Annabi (SAW) ya ba Hindu bint Utba ta ɗibi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar Abu Sufyan. Masu hanawa sun riƙi hadisin Abu Dawud da Tirmizi: ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil, mai littafin Mukhtasar, ya halatta da sharaɗin a aminta daga fitina da kuma jingina wa mutum sata.

Duka sharuɗɗan biyun ba su cika a nan ba. Ran da yayanka ya ga giɓi a aljihun tebur, sunanka ɓarawo a cikin dangi, zumunci ya yanke. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa, dukiyar ba a raba ta ba, don haka kowace naira da ka ɗauka akwai rabon wasu a ciki. Misali, in mamaci ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da 'ya mace ɗaya, aka samu naira miliyan 4 bayan kuɗin jana'iza, bashi da wasiyya, matar tana da tumuni, 500,000. Sauran a kasa biyar: kowane namiji 1,400,000, mace 700,000. Kai ko wannan lissafin ba ka kai gare shi ba tukuna.

Ka fara da yayanka cikin ladabi, gaban baffanku ko kawunku. A ƙirga kayan shago, a yi musu ƙima da farashin yau, a rubuta bashin da ake bi da wanda ake binsa, shaidu biyu su sa hannu. Neman rubutu ba tuhuma ba ce. Allah ya yi umarni da kafa shaida ko wajen miƙa wa maraya dukiyarsa (Suratun Nisa'i, aya ta 6). Ka sani kuma, mai riƙon amana ba ya biyan asarar da ba sakacinsa ba, kuma abin da ya ciyar da gida daga shagon sai an duba shi kafin a ce ya ci.

In ya ƙi, ka kai ƙara kotun shari'a. Alƙali yana da ikon tilasta rabo in magaji ɗaya ya nema. Amma gaisuwa da ziyara ba su faɗi a kanka ba, don ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku haramun ne.

Wallahu a'alam.