Kafin ka tambayi nawa ne, tambaye su me suke ƙirgawa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: kana da na'urori kusan 60 a wurin aikinku, suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutoci da waya) da rauta (mai haɗa netwok da waje) da 'yan sabobi (manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su), kana neman manhajar da za ta riƙa sa ido kan lafiyar netwok ɗin, kuma kamfanoni uku sun turo maka farashi, amma tazarar da ke tsakaninsu ta ɗaure maka kai. Ni ma ta taɓa ɗaure min, har na biya kuɗin jahilcina.

Karon farko da aka ɗora min sayen irin wannan manhaja, na zauna na ƙirga na'urorinmu, na samu 40 da 'yan kai. Na ce to lasisin 100 ya ishe mu har da rara. Aka biya, na girka, na bar ta ta kwana tana laluben netwok. Da safe na shigo da kofin shayina, sai ga jan rubutu a saman allo wai lasisi ya cika. Ko suwic na uku ba ta gama ba. Ashe su ba na'ura suke ƙirgawa ba, kowane fot, wato ramin da ake soka waya a jikin suwic, abu guda ne a lissafinsu. Haka na koma ofishin shugabana ina sosa ƙeya, ina neman ƙarin kuɗi kan abin da na riga na ce masa an gama.

Don haka takardun nan uku da ke gabanka, ina kyautata zaton ba abu ɗaya suke sayar maka ba.

PRTG na kamfanin Paessler da ke Jamus da sensa yake ƙirga. Sensa ɗaya ma'auni ɗaya ne: duba ko na'ura na amsawa sensa ne, nauyin da ke kan furosesa sensa ne, zirga-zirgar fot ɗaya sensa ne. Na'ura guda takan ci biyar zuwa goma cikin sauƙi. Suna ba da sensa 100 kyauta, daga nan matakan biya su fara daga 500, sai 1000, sai 2500, haka zuwa sama. Shi kuwa SolarWinds NPM, a tsarinsa da aka daɗe da sani, yana duba abu uku: yawan na'urori, yawan fot, da yawan faifan ajiya. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ke yanke maka mataki, daga SL100, SL250, SL500, SL2000 zuwa SLX. Ka lura da tsallen da ke tsakanin 500 da 2000, nan mutane da yawa ke faɗawa. OpManager na ManageEngine da na'ura yake ƙirga, suwic mai fot 48 na'ura ɗaya ce kawai. Auvik ma na'ura yake ƙirgawa, amma ba duka ba, ya fi caji kan suwic da rauta da katangar tsaro. Irin su Datadog kuma, masu zama a kan sabobinsu ta intanet, duk wata suke caji gwargwadon abin da ka jona.

Bari mu buga lissafi da naka. A ce cikin 60 ɗin nan, 20 suwic ne masu fot 48. Fot 960 ke nan. Wurin mai ƙirga na'ura, kai mutumin 60 ne. Wurin mai ƙirga fot, idan ka bar manhaja ta kwashi komai, ka tsallake 500, sai matakin 2000. Netwok ɗaya, amma farashi ya bambanta kamar sama da ƙasa.

To amma tsaya, wa ya ce sai ka sa ido kan kowane fot? Fot ɗin da firinta ke jone, ko kwamfutar ma'aikacin da ke kashe ta ƙarfe biyar ya tafi gida, ba abin da za ka samu daga gare shi sai ƙararrawar ƙarya kullum yamma. Waɗanda suka dame ka su ne masu haɗa suwic da suwic, masu zuwa sabobi, da masu fita intanet. Ka ce shida a kowane suwic, 120 ke nan, ka sauko matakin 250. A lissafin sensa kuwa, 120 ɗin nan da sensa biyar-biyar na na'urori 60 sun kama 420, ka shiga ƙarƙashin 500. Wannan tankaɗe da rairayar ta fi rage min kuɗi a kan duk wani ragi da dillali ya taɓa yi min.

Sai batun saye ko haya. Da can lasisin dindindin ake saye, ka biya sau ɗaya, sannan duk shekara ka biya kuɗin kulawa don samun sabuntawa da taimakon injiniyoyinsu. A abin da na saba gani, wannan yakan kai kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin saye, wato cikin shekara biyar ka sake sayen manhajar ba tare da ka ankara ba. Yanzu kasuwar ta karkata ga biyan shekara-shekara, Paessler ma ya koma wannan tsarin a 2024. Bambancin da ya kamata ka riƙe shi ne: mai lasisin dindindin idan ya daina biya, manhajarsa na ci gaba da aiki, sabuntawa ce kawai ta tsaya. Mai haya idan ya daina biya, an rufe ƙofa.

Kada ka ce za ka yi wayo ka bar kuɗin kulawa ya wuce. Mun taɓa gwadawa shekara ɗaya don a rufe wani giɓi a kasafi, da muka koma sai da suka caje mu na lokacin da muka tsallake kafin su karɓe mu. Ban da haka, manhajar nan tana riƙe da makullan shiga kusan duk na'urorinka. Abin da ya fito fili a Disamban 2020, lokacin da aka gano masu kutse sun cusa mugun abu cikin Orion, manhajar sa ido ta SolarWinds, har ya kai ga hukumomin gwamnatin Amurka, ya nuna yadda ɓarayi ke kwaɗayin irin wannan manhaja. Ba abin da za a bari shekara biyu babu faci, wato sabuntawar da ke toshe ɓarakar tsaro, ba ne.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a shafin farko. Ranar da intanet ya yi nauyi, shugabanka ba zai tambaye ka ko layi ya cika ba, zai tambaye ka wa ya cika shi. Amsar wannan tana cikin NetFlow ko sFlow, wato bayanan da ke nuna wa ke aika me a kan layi, kuma wurin kamfanoni da yawa wani kaya ne daban da kuɗinsa daban. A SolarWinds, lasisin NTA mai wannan aikin sai ya yi daidai da matakin NPM ɗinka, kenan idan ɗaya ya hau, ɗayan ma ya hau. Adana saitin na'urori shi ma sau da yawa daban ne. Wasu manhajojin sai a kan Windows Server da SQL Server (manhajar rumbun adana bayanai) suke zama, kowanne da lasisinsa. Kana so a ce idan sabar sa ido ta mutu wata ta karɓa nan take? Ka tambaya, galibi ƙarin kuɗi ne. Masu caji duk wata kuma, ka tambaye su tsawon lokacin da suke ajiye tarihin bayanai, da abin da zai faru idan ka zarce adadin da aka yi yarjejeniya a kai.

Na san wani zai ce ka sa Zabbix ko LibreNMS kawai, kyauta ne. Gaskiya ne, kuma ba kayan wasa ba ne, manyan wurare na amfani da su, ba sa ƙirga maka fot ko sensa. Ni kaina ina son LibreNMS saboda yadda yake gano na'urori ta SNMP, hanyar da na'urori ke ba da rahoton halin da suke ciki, ba tare da wahala ba. Sai dai kuɗin ya koma kan mutum. A wani wuri da na yi aiki, wani haziƙin abokin aikinmu ya gina mana Zabbix tsaf, kowace ƙararrawa da hannunsa ya tsara ta. Da ya samu wani aikin ya tafi, wata uku muka yi babu mai ƙarfin halin taɓa komai, saƙon gargaɗi na ta zuwa akwatin imel ɗinsa da aka riga aka rufe. Idan kuna da mutum biyu da suka iya Linux kuma suna rubuta abin da suka yi, bismillah. Idan kai kaɗai ne kuma kai ne mai gyaran firinta, ka yi tunani sau biyu.

Da ni ne kai, ba zan sa hannu kan ko ɗaya daga takardun nan ba tukuna. Zan ɗauki gwajin kwana 30 da yawancinsu ke bayarwa, in jona abin da nake bukata kawai, in ga adadin da ita manhajar ta ƙirga da kanta, in ƙara kashi ɗaya cikin huɗu don girma. Sannan in ce kowannensu ya rubuto min jimillar shekara uku, har da NetFlow da duk lasisin da ake bukata a ƙarƙashi. Kuma a rubuta iyakar ƙarin da za su iya yi lokacin sabunta yarjejeniya, domin ragin shekarar farko mai daɗi a shekara ta biyu ake fanshe shi. Idan ba ka cikin gaggawa, ka ja cinikin zuwa ƙarshen zangon wata uku na kasuwancinsu, lokacin masu tallan ke neman cike adadi, bakinsu ya fi laushi.

Ka turo yawan suwic ɗinka da fot nawa ne ke jone da gaske, da kuma ko kuna da SQL Server a ƙasa, sai mu duba takardun uku tare.