Hukuncin Shan Kafson Bitamin Kafin Cire Haƙori Da Bayansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah likita ya sa min rana za a min aiki a ciro haƙorina na can ƙurya da ya fito a karkace, wai sai an tsaga dasashi an ɗinke. To na sayo bitamin C da kafson man kifi da man habbatus sauda dan in warke da wuri, sai wata ƙawata tace wai ɓawon kafso da alade ake yi. Ya halatta in sha? Kuma ina da ramuwar azumi, zan iya yi a ranar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, ya sa kaffara ne.

Neman magani halal ne, Annabi (SAW) da kansa yace "ku nemi magani bayin Allah", kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama bin Sharik, kuma abin da zai ƙarfafa jiki rauni ya haɗe yana cikin wannan babin.

Maganar ƙawarki tana da tushe amma ta yi ƙari a ciki. Ɓawon kafso mai santsin nan jelatin ne, ana tatso shi daga fata da ƙashin dabba, wani na saniya wani na kifi wani kuma na alade, akwai ma wanda daga tsirrai ake yi. Malaman zamani sun saɓa a kan na aladen. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta hana jelatin ɗin alade a abinci tunda akwai madadinsa, taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 kuma ya tafi a kan cewa ya riga ya rikiɗe ya zama wani abu daban, wato istihala, dan haka ya tsarkaka. Abin da nake gani a mas'alarki: bitamin ba maganin da rai ya rataya a kansa ba ne, kuma ana samunsa a ƙwaya ko na jiƙawa a ruwa, to in kwali ya faɗa ƙarara na alade ne ki bar shi ki nemi wani, domin Ibn Mas'ud yace Allah bai sa warakarku a abin da ya haramta muku ba. In an rubuta na kifi ko tsirrai ko akwai tambarin halal shikenan. In ba a faɗi komai ba ki tambayi mai kemis, idan bai sani ba babu laifi a kanki, ba a gina haramci a kan "wai". Maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita zai rubuta miki kuwa ki sha ko a kafso yake in babu madadi.

Amma inda nafi jin tsoro ba ɓawon ba ne, lokacin shan ne. Mutanenmu da sun ji abu halal ne ko sunna ne sai su ɗauka kowane lokaci ma daidai ne, a yi ta ɗirka ba awo, kuma a ɓoye wa likita dan kar ya yi faɗa. Man kifi da bitamin E da tafarnuwa ko citta in aka sha da yawa ana tuhumarsu da sa jini ya yi jinkirin daskarewa, shi ya sa likitoci da yawa ke cewa a dakatar da irinsu kamar sati 2 kafin aiki, shi kuwa ramin haƙori duk warkewarsa a kan gudan jinin nan da ke toshe shi take, in ya fice ƙashi ya fito fili zafin ba a magana. Habbatus sauda hadisinta na cikin Bukhari da Muslim, mun gaskata, amma hadisin bai ce a ɗiga manta a ramin da aka ɗinke ba, haka kanumfari. Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ita ce ba cuta ba cutarwa. Dan haka wajibi ne ki kwashi robobin nan duka ki nuna wa likitan, in kuma kina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini bisa umarnin asibiti kar ki daina da kanki.

Bayan aikin jiki na buƙatar bitamin C dan haɗa nama, amma abin da mace ke buƙata a rana kamar miligiram 75 ne, gwaiba ɗaya ta wuce haka, in aka zarce 2000 sai gudawa. Ƙwai, kindirmo, faten wake, kunun gyada da ya huce sun fi miki tarin robobi. Ki duba lambar NAFDAC, kuma ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini na hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta shiga jiki, sai a raba lokacinsu.

Azumi kuma, majalisar fiƙihun nan a zamanta na Jidda a 1997 tace cire haƙori da allurar da ba ta abinci ba ba sa karya azumi matuƙar ba a haɗiye jini ko ruwa ba. Amma ramuwa lokacinta a yalwace yake har Sha'aban, ke kuma za ki buƙaci maganin zafi da ruwa, to ki ɗaga ta wata rana. Wajen alwala kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malikiyya, ki bar ta a awa 24 na farko ko ki yi a hankali ba tare da tofarwa da ƙarfi ba, jinin dasashi kuma baya warware alwala.

Wallahu a'alam.