Kafin ka raka kawunka sayen mota

Ka ce kawunka ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ka raka shi ya sayi motar zuwa aiki da kai yara makaranta, kai kuma kana tsoron zaɓar masa wadda za ta zame masa wahala. Tsoron nan daidai ne, ɗana. Zauna in faɗa maka yadda nake yi a matsayina na makanike.

Tun daga gida za ka fara yi masa aiki. Ya ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ya ajiye, kada ma dillali ya ji labarinsa. Motar hannu komai kyanta sai ta nemi juyen baƙin mai da gyaran birki, wataƙila da batir da taya biyu, ga kuɗin canza suna a takardu. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi ranar ciniki, wata mai zuwa za ka ga motar a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol.

Kada ku bi wadda ta burge shi, ku bi wadda kayanta suka cika Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano. Shi ya sa nake yawan nuna wa masu ƙaramin ƙarfi Corolla ta 2003 zuwa 2007. Injinta 1ZZ ne, silinda huɗu, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, kuma ko a ƙauye ta tsaya akwai wanda ya san ta. Matrix da Pontiac Vibe na waɗannan shekarun galibi injin nan ne a cikinsu. Camry ta 2007 zuwa 2009 tana da daɗin zama, amma injinta ya yi suna wajen shan baƙin mai. Idan kuwa ka ga ƙatuwar mota mai silinda shida an karya mata farashi, ka tuna tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu irinta ke neman kai da ita. Arahar nan a gidan mai kawu zai biya ta.

Yanzu ga inda aikinka yake. Ku je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai kun iso. Buɗe bonet ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, ku yi sallama ku dawo gobe, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye ƙararsa da hayaƙinsa. In da sanyi, buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa. Ka ga wani abu fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai, mai yiwuwa gaskit ya tafi ko top silinda ya tsage. Zaro sandar awon mai ka murza shi a yatsa; in ya yi kauri fiye da ƙa'ida, an zuba shi ne don a kashe ƙarar injin.

Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole wutar cek (ta gargaɗin matsalar inji) da ta iyabag (jakar iskar kariya) su kama a dashbod, su mutu daga baya. Wadda ba ta kama ba sam, ko dai ƙwanta ya mutu, ko cire shi aka yi, ko aka liƙe ta. Ka tayar, ka zagaya baya ka tsaya a kan salansa: shuɗin hayaƙi ring ne ko sil ɗin bawul, farin da ya ƙi ɗaukewa kuma ruwa ne ke ƙonewa. Buɗe lagireto tun da sanyi, ka ga ko ruwan yana tasowa da kumfa. In ka tarar an haɗa fanka kai tsaye, an cire tamosta mai daidaita zafin inji, tambayi dalili. Mutanenmu da yawa suna yin haka wai don zafin gari, ni ban yarda da shi ba, kuma sau da yawa ciwon zafin injin ake rufewa da shi. Leƙa ƙasa ka ga ko indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin bututun salansa, tana nan, don ana yanke ta a sayar daban. Ka ɗauki sikanar garejin nan, na'urar da ke karanto matsalar mota, amma kada ta hana ka aiki da kunnenka. Ku hau titi har giya ta ƙure, ku taka birki da ƙarfi, ka saurari yadda take canzawa.

Fenti shi ne abu mafi araha a motar, kada ƙyallinsa ya ɗauke muku ido. Bi jikinta da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a wurin da ƙarfe ne, fila ce, wato cikon da ake rufe lotsawa da shi. Gyaran fanel bita a ƙofa ko madigadi ba komai ba ne, sai dai a rage kuɗi. Amma in ka ga walda a ƙashin shasi, ku tafi kawai. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ɗaga kafet, duba ƙarfen ƙasan kujera. Laka ko tsatsa a nan alamar ambaliya ce, irin waɗanda ake gwanjonsu a Amurka, kuma wayarin ɗinsu yana da wuyar gyaruwa ƙwarai. Shi ya sa 'yar gida da mutum ɗaya ya riƙe da kyau ta fi min baljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, da ban san tarihinta ba.

Takardu kuwa, lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Wadda ke ƙasan gilashin gaba, da ta jikin ƙofar direba, da ta takarda, su zo ɗaya. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano da ba ta da sahihiyar takardar kwastan ana iya ƙwace ta a hanya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa.

Dillali zai ja ka gefe ya ce akwai naka a ciki in ka ce motar lafiya lau. Kada ka karɓa, ɗana, kuɗin kawunka ne zai ƙara a kai ya miƙo maka. In kun ga guda biyu da suka kwanta maka, kada a ba da ko kafin alƙalami, a kawo su nan mu hau da su rami, ni da kai mu duba ƙarƙashinsu.