Tambaya da Amsa: Fita da Kamfani Ƙetare

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ƙaramin kamfanin sabulu a Sharaɗa, muna kuma son buɗe reshe a Ghana. Ta ina za mu fara? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawararmu ita ce kada ku fara da reshe, ku fara da dila ɗan ƙasar. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta wajabta wa baƙon da zai yi saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki, kuma a kanta aka riƙa rufe shagunan 'yan Najeriya a Akara da Kumasi. Dila zai ɗauke muku wannan nauyin.

A gida, ku yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ku cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinku kafin kowace mota ta tashi. Ku nemi shigar da sabulun cikin tsarin ETLS, wato tsarin sassauta cinikayya tsakanin ƙasashen ECOWAS, domin a yafe muku kuɗin fito. Ana duba kowane kaya ne daban, ba kamfanin gaba ɗaya ba. Lambar NAFDAC ba ta wadatar a can, sai kun yi wa kayan rajista da takwararta, hukumar FDA ta Ghana.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen dawo da kuɗi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan su shigo asusunku cikin kwana 180. A 2022 akwai lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ya zubar da kusan rabin darajarsa, wanda ya ba da kaya bashin wata uku da sidi ya karɓi kuɗin da ba zai sake sayo masa manja da soda ba. Don haka ku yanka farashi da dala, ku karɓi kafin alƙalami, bashi kuma kada ya wuce kwana 30.

Tambaya: Manyan kamfanoni ma suna gamuwa da irin wannan cikas? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Kamfanin simintin Dangote ya buɗe masana'anta mai tan miliyan 3 a Mtwara ta Tanzaniya a 2015, amma ya daɗe yana ƙona dizal a janareto, ga shi gwamnati ta hana shigo da kwal daga waje a 2016. Tsadar aiki ba ta sauka ba sai da aka jona masa iskar gas. Abin takaici ne a gama ginin masana'anta kafin a ƙulla yarjejeniyar makamashi. MTN na Afirka ta Kudu kuwa sakaci da dokar Najeriya ya ja masa: a 2015 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ci shi tarar dala biliyan 5.2 saboda layukan da ba su da rajista, aka daidaita a kan naira biliyan 330 a 2016.