Amsa: The Simpsons zanen yara ne kawai?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa manya suke ɓata lokaci kan The Simpsons alhali katun ne. Ai tun da tashar talabijin ta Fox ta fara nuna shi a 1989, Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro shi, ba yara ya nufa ba. Masu matsakaicin ƙarfi a Amurka yake yi wa shaguɓe.

Dubi Homer, maigidan iyalin Simpson. Jami'in kula da lafiyar tashar makamashin nukiliya ne, amma barci yake a bakin aiki, mai kamfanin kuwa, Mista Burns, ko sunansa ba ya riƙewa. Nan kaɗai an soki ma'aikaci da ubangidansa gaba ɗaya. Wanda ya fi taɓa ni shi ne wani kashi na shirin da aka nuna a 1993, inda Burns ya nemi soke inshorar haƙoran ma'aikata daidai lokacin da haƙoran Lisa, 'yar Homer, ke buƙatar gyara. Dariya ake, amma a Amurka lafiyar iyali da yawa a ɗaure take da wurin aikin maigida, kuma wannan fargabar gaskiya ce.

Sukar ta kai har sama: a 1992 Shugaban Amurka na lokacin, Bush babba, ya fito fili ya ce ba ya son iyalan Amurka su yi kama da su Simpson.

Wani katun ɗin irinsa, King of the Hill na 1997, ya fi sassauci. Jarumin shirin, Hank, mai sayar da gas ne a Texas, mutumin kirki da zamani ke neman bari a baya. Idan za ka gwada, da shi nake ba ka shawarar farawa.