KU TAMBAYA MU AMSA: Ɗana ya ce in watsar da littafin bashi mu koma waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Aboabo nan Kumasi, ina saida shinkafa da mai da suga a sari, yara biyar ke min aiki. Wallahi takardu sun ishe ni, littafin bashi daban, takardun mota da ta kawo kaya daban, rasit cike da leda, ranar da kwastoma ya zo ya ce shi fa ya biya sai mu tsaida ciniki mu hau tonon takardu har azahar. Ɗana ya gama makaranta ya dawo ya ce in watsar da su duka a koma waya da kwamfuta. Ni kuma tsoro nake ji, waya ana sacewa, ga dumso, wato ɗauke wutar lantarki. Dan Allah meye shawara?
Hajiya, daga Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Yaron nan yana da gaskiya amma ya cika gaggawa, kar ki saki reshe ki kama ganye. Abin da ke cinye miki yini shi ne neman takarda, kuma wanda bai tsara littafi ba in ya koma waya a haka, to hotuna dubu zai tara ya rasa na wanda yake nema, ciniki kuma ya sake tsayawa.

Ko gwamnati da ƙarfinta ba rana ɗaya ta yi ba. A watan Satumba na 2017 aka fara fitar da kaya ba da takarda ba a tashar jirgin ruwa ta Tema da Takoradi, sai a 2020 aka zo da ICUMS, tsarin kwamfuta na hukumar kwastan, kuma masu fito da kaya sun sha wuya a farkon kafin abin ya zauna. Balle shago.

Toh ki fara da abu ɗaya tak, littafin bashi, tunda shi ke jawo rigima. Yaron ya buɗe miki jadawali a Google Sheets ko Excel, kowane kwastoma da layinsa, ranar da ya ɗauki kaya, buhu nawa, sidi nawa ya bayar, saura nawa. Kyan abin shi ne kwamfuta ce ke yin lissafin da kanta, kuma kina buga sunan mutum nan take zai fito. Wata ɗaya zuwa biyu ku riƙa rubutawa a duka biyun, littafi da waya, duk Juma'a da yamma a gwada, in sun yi daidai sau da yawa sai a kulle littafin a durowa. Na san yara za su yi ƙorafin aiki biyu, su yi haƙuri.

Sannan suna. Nan ne kowa ke raina abin kuma nan ne ake faɗuwa, ku yarda kan suna ɗaya ga kowane mutum, ba yau a rubuta Maman Gari gobe a rubuta mai waakye ta bakin masallaci jibi a rubuta lambar wayarta kawai ba, kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, mutum uku za ta ba ki da bashi uku. Haka takardun kaya, ana sauke mota a ɗauki hotonsu a take a sa musu rana da sunan mai kaya. Shi kuwa ƙaramin rasit ɗin nan da inji ke fitarwa, a ɗauke shi hoto ranar da aka karɓa, zafi na goge rubutunsa, bayan 'yan watanni farar takarda za ki gani.

Maganar sata da dumso, tsoronki a kan hanya yake amma maganinsa na nan. In bayanan suna ajiye a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, wanda ke ba da giga 15 kyauta, ko waya ta ɓata kina shiga da wata za ki same su. Ki tuna gobarar kasuwar Adum ta nan Kumasi a watan Maris 2025, littafin da ke cikin shago tare da kaya yake ƙonewa, wa zai zo ya ce miki ga bashin da kike bina? Sai mai tsoron Allah.

Abin da ni ya fi damuna, kuma a nan zan ɗan taɓa ɗanki, kar a buɗe komai da imel ɗinsa da layinsa. Yaro ne, gobe zai samu aiki a Accra ko ya yi tafiya waje, duk kasuwarki na aljihunsa. A buɗe da sunan shago, lambar sirri na hannunki, ki koyi buɗewa ki duba da kanki ko da ba za ki riƙa rubutawa ba, yaran shago a ba su izinin gani kawai, mutum ɗaya ne mai gyara. In kowa na iya goge layi ai gara littafin ma, shi in an yaga shafi ana gani.

Akwai kuma takardun da ba a yarwa ko an ɗauki hotonsu, takardar fili, yarjejeniyar hayan shago, rajistar kasuwanci. Su kuma GRA, hukumar haraji ta Ghana, doka ta ce a ajiye bayanan ciniki aƙalla shekara 6, don haka tsofaffin littattafan nan a ɗaure su a leda a kai gida, kar a ba mai ƙosai.

TAMBAYA: Masta, ina saida kayan gyaran mota a Suame Magazine. Yawancin masu saye da momo suke biya, wato tura kuɗi ta waya, saƙon da ke shigowa waya bai isa rasit ba? Na gaji da rubutu.
Ɗan'uwanku daga Asawase

AMSA: Bai isa ba ɗan'uwa. Saƙon yana nuna kuɗi sun shigo ne kawai, bai faɗi me aka saya ba, ranar da mutum ya dawo da kaya ya ce ba shi ka ba shi ba me za ka nuna? Ka rubuta masa kayan da farashin a WhatsApp ka haɗa da lambar cinikin da ke cikin saƙon momo, minti ɗaya ne, kai da shi kowa na da shaida. Kuma ka raba layin shago da na gida, kuɗin cefane da na ciniki in suka cakuɗe ba ka taɓa sanin ribarka. Sannan 'yan damfara na turo saƙon ƙarya mai kama da na gaske sak, kafin ka miƙa kaya ka danna *170# in MTN ne ka duba kuɗin sun ƙaru tukuna.