Tambaya da Amsa: Raunin gani da ƙarin lokacin jarrabawa

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a wata jami'a a nan Yamai, kuma ina da raunin gani, har sai na kai takarda dab da fuskata kafin in karanta. Na roƙi wani malaminmu ƙarin lokaci a jarrabawa, ya ce ba shi da iko. Ƙin taimako ne?

Amsa: Ɗana, a ganina ba ƙin taimako ba ne. Malami yana iya zaunar da kai a bencin gaba, ko ya ba ka darasinsa da manyan baƙaƙe, amma lokacin jarrabawa ya shafi aji duka, shi ya sa yakan jira umarni a rubuce daga shugabannin tsangaya, don kada a zarge shi da nuna bambanci. Haƙƙinka kuwa yana nan daram, domin a 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya tanadi a sauƙaƙa musu karatu har jami'a. Ka karɓi takardar likitan ido, ka rubuta buƙatarka ga shugaban sashenku tun farkon zango, ka riƙe kwafi, sannan ka koma wurin malamin da amsar da aka ba ka.